Saƙon da Ƙarin Wuyan Baba Ke Aikawa

Wata Laraba ce a ƙarshen daminar bara, da ƙarfe huɗu na yamma, a zauren gidana da ke Sabon Birni. Mu huɗu ne: ni, da Babana, da wanzaminsa, da ɗiyata da ke karatun gwaje-gwajen asibiti a Sakkwato.

Likitoci sun duba ƙarin da ya fito wa Baba a wuya, sun ce ciwon daji ne, sun sa ranar fara magani a Sakkwato. Baba ya ƙi. A ganinsa mataccen jini ne ya taru, ƙaho zai zuƙe shi. Wanzami har ya kwance zabirarsa. Na yi shekaru ina fassara labaran lafiya a rediyo, amma duk bayanin da na yi, sai Baba ya ce in rage murya, ba labaran duniya ba ne.

Ɗiyata ta durƙusa kusa da shi.

"Angona, wa zai auri mai tsage a wuya?"

"Ke amarya, tashi. Mi za ni nema Sakkwato? Abu ɗan ƙanƙane, wuri guda?"

"Ba shi kaɗai yake ba, Kaka. Magana yake yi da maƙwabtansa."

Ta ce jiki ƙananan ƙwayoyi ne birjik, kowace da aikinta. Waɗanda suka lalace suna sakin wasu sinadarai, su ne saƙonsu. Suna aika wa jijiyoyin jini su buɗo musu hanya, abinci ya riƙa zuwa. Suna aika wa ƙwayoyin da ke gadin jiki su kau da kai. Lafiyayyun da ke gefe ma sai su koma yi musu gini.

Shekara guda kafin nan Baba ya baro gonarsa a Gangara saboda 'yan bindiga.

"Kamar mutanen daji ke nan," in ji shi. "Su aiko a kai musu gero, a yi shiru. Mai kaiwa ba son su yake ba."

"Haka ne, Kaka. Ƙaho fata zai taɓa. Ba zai tare hanyar ba."

"Maganin naku yana tare ta?"

"Yana bin jini, ya same su inda suke. Zai wahalar da kai, ba zan ɓoye maka ba."

Na lura ba ta yi masa alkawarin warkewa ba. A nan na san karatunta ya zauna, kuma na ji daɗin da ban nuna ba.

Baba ya dubi wanzami. "Tunda ka zo, yi min aski. Ba ni zuwa birni da wannan suma, amarya ta ji kunya."

Ranar Litinin muka hau motar Sakkwato, ita ce a gefensa. Ya karɓi maganin har ƙarshe, kuma ya ga girbin gero na bana.