Zuciyata Ta Hana Ni Gwajin Ƙwallo

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu tambaya ko na tafi waje buga ƙwallo, ban tafi ba. Ina Zongo, a ɗakin Inna.

Kun san ina buga wa ƙungiyar jami'armu. Ba albashi, ba kwantiragi, ba asirans, wato inshora. Wani dillalin 'yan wasa ya ga wasana, ya ce zai kai ni gwaji a wani kulob na ƙasar waje.

Sai zazzaɓi ya kama ni. Ya sauka, na koma fili. Gudu kaɗan sai ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya ƙi. Mai horar da mu ya ce, "Gajiya ce, Nuhu. Daure, gwaji ya kusa."

Na daure har ranar da na faɗi a tsakiyar fili.

Asibiti. Jini, hoton ƙirji, wayoyi manne a jikina, layi tun asuba. Likita ta ce zazzaɓin ya kumbura mini naman zuciya. Ta ce, "Ba gudu, ba ƙwallo, sai na ce. In ka saɓa, za ka iya faɗuwa ba ka tashi ba."

Na ji tsoro ƙwarai.

Kowane gwaji da kuɗinsa, kowace takardar magani da nata. Ƙungiya ta aiko da gaisuwa. Dillalin ya daina ɗaukar wayata. Baba ya sayar da mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin da yake hawa, ya koma zuwa shagonsa na atamfa a kasuwar Rood Woko a ƙafa. Da na yi magana ya ce, "Kai dai sha maganinka."

Watanni ina kwance, ina jin yara suna buga ƙwallo a bayan gida. Karatu ma ya tsaya.

Makon jiya likita ta ce kumburin ya sauka, in fara tafiya a hankali. Ƙwallo kuwa, ta ce mu jira mu gani. Ban ma san ko ina da sauran ƙarfin fara komai daga farko ba. Na dai koma aji.

Alhamdulillahi. Inna, Baba, abokan wasan da suka zauna da ni, Allah Ya saka.

Ƙannena 'yan wasa: in kun tashi daga zazzaɓi ƙirji na ciwo, ku je asibiti kafin fili. Ku tambayi wa zai biya in kun faɗi. Kuma kada ku saki karatu saboda alkawarin baki.