Ladidi Mai Wanke Kofunan Jibi

Duk wanda ya taɓa yin sujada a ƙaramar majami'ar Hausa da ke wani lungu na Unguwar Shanu ya san Inna Ladidi. In bai riƙe fuskarta ba, to ya riƙe bayanta, domin da wuya ka same ta a miƙe. Ko tana shara, ko tana goge benci, ko tana duƙe a kan daro. Gajeruwa ce, baƙa, mai ƙaramar murya, kuma ba ta iya zama hannu biyu ba ko a gidan biki.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Kafur, kuma mahaifinta mai bishara ne da ake ji da shi a can. Ta sauka Kaduna tana matashiyar mace da jaririya a goye. Da aka tambaye ta uban yarinyar sai ta sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka rasuwa ya yi, suka yi mata ta'aziyya, ita kuma ba ta gyara musu ba. Ta yi shekaru tana girki a gidan wani ma'aikacin gwamnati a Malali, daga baya ta kafa tandar waina a ƙofar gidan da take haya. Da wannan tanda ta sa 'yarta Salamatu a makaranta har ta zama malamar asibiti, ta yi aure, ta tare a Kurmin Mashi. Lokacin da rikici ya raba garin, Kiristoci da yawa suka kwashe kaya suka haye kudancin kogi, Ladidi ta ce ba inda za ta. Maƙwabciyarta Hansai, wadda suke ɗaki kusa da ɗaki, Musulma ce, kuma sun saba har ba sa sallama kafin su ɗauki gishirin juna. Majami'ar ta rage mutane, amma ba ta rage Ladidi ba.

Aikin da aka fi saninta da shi shi ne na Jibin Ubangiji. Ranar Lahadin farko ta kowane wata ikkilisiya kan ci gurasa ta sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, kuma shekara talatin da ɗoriya hannun Ladidi ne ke shirya komai. Ita ke yanka burodi ƙanana-ƙanana daidai wa daida. Ita ke sirka ruwan inabi, ta zuba a 'yan kofunan nan da ba su fi murfin kwalba ba, ta jera su a faranti mai ramuka, ta rufe da farin ƙyalle da ta goge da kanta. In ta gama sirkawa ba ta ɗanɗanawa. Sai ta kira wata daga cikin ƙungiyar zumuntar matan majami'a ta ce, "Zo ki taɓa mini, ya yi?" Matan suka yanke wa kansu hukunci cewa ciwon suga take gudu, har suna yaba mata da kula da lafiya.

Da an fara rabo kuwa, Ladidi tana can cikin ɗakin ajiya da ke bayan benci na ƙarshe, ta tanadi ruwan ɗumi da sabulu, ƙofa a ɗan buɗe don ta ji waƙa. Dattijon da ke raba wa layin dama ya ɗauka na hagu ne ke miƙa mata nata. Na hagu ya ɗauka na dama ne. Salamatu tana gaba cikin mawaƙa, idonta a rufe. Haka muke, mu mutanen majami'a: mun iya ƙirga wanda bai zo ba, mun iya gane wadda ta sake zani, amma wanda ke yi mana hidima ba ma ɗaga kai mu dube shi.

A bara hawan jini ya kayar da ita a gaban tanda. Hansai ce ta yi ihu, ta tara mutane, aka kai ta asibitin da Salamatu ke aiki. Ta tashi, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma sai a hankali. Salamatu ta so ta wuce da ita Kurmin Mashi, tsohuwa ta kafe sai ɗakinta. Likita ya ja Salamatu gefe ya gaya mata abin da ita ma ta sani, cewa irin wannan ciwon in ya sake dawowa ba lallai ya bar mutum ba.

A wannan ikkilisiya al'ada ce, in ɗan'uwa ya kwanta ciwo har ya kasa zuwa, a kai masa Jibi har gida. Sabon fastonsu, Nuhu, matashi ne mai zafin nama, bai cika shekara da zuwa ba. Shi ya ce ai abin kunya ne a ci a sha a bar wadda ta yi wa teburin nan bauta. Don haka ranar Lahadin farko ta wata, bayan an tashi sujada, ya zo da dattijo ɗaya da ɗan faranti a rufe. Hansai ta shimfiɗa musu tabarma, ta gaishe su, ta ja labule ta koma ɗakinta. Salamatu ta tallafo uwarta ta jingina ta da matashi, zuciyarta fari ƙal, don tana ganin ba abin da zai faranta wa Inna rai kamar wannan.

Fasto ya yi addu'a, ya buɗe ƙyalle, ya ɗauki gurasa ya matso. Ladidi ta datse baki, ta juya fuska bango.

"Mama, gurasa ce," in ji shi, yana zaton ba ta gane ba.

Salamatu ta yi tsammanin haɗiya ce ke mata wuya. Ta ce, "Inna, in jiƙa miki ita?"

Tsohuwa ta girgiza kai. Da ƙyar ta fitar da maganar, amma kowa ya ji ta sarai. "Ku mai da. Ni ba ni ci. Ina cikin horo."

Dattijon ya dubi fasto, fasto ya dubi dattijon. Horo kowa ya san shi: in mutum ya yi laifin da ya fito fili, dattawa kan mai da shi bencin baya, a hana shi Jibi na wani lokaci, in ya tuba a kira shi gaban jama'a a karɓe shi da waƙa. Abu ne na 'yan watanni. Amma Ladidi? Dattijon ya ce, "Wa ya sa ki? Yaushe? Ni ina cikin dattawa tun kafin a yi wa ginin majami'armu rufi, ban taɓa jin haka ba."

"Ba nan ba. Can gida." Ta numfasa. "Tun ina da cikin Salamatu."

Salamatu ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a tsakiyar ka. Ta daɗe da sanin cewa ba a ɗaura wa uwarta aure da ubanta ba, wani malamin makaranta ne da ya gudu, kuma ta ɗauka wannan magana ta mutu tun tuni. Abin da ba ta sani ba shi ne saura. A hankali Ladidi ta faɗa musu. An tsayar da ita gaban ikkilisiyar ƙauyensu, mahaifinta na zaune a gaba ya rufe fuska da hula. Aka mai da ita bencin baya. Kunya ta hana ta jiran ranar da za a karɓe ta, tana haihuwa ta hau mota. Faston da ya sa ta a horo ya rasu, mahaifinta ma ya bi shi, ba wanda ya kira sunanta a gaban jama'a. A ganinta wanda ya ɗaure shi ke kwancewa, kuma ita ce ta gudu da igiyar a wuyanta.

"Inna," in ji Salamatu, "kina nufin duk shekarun nan ba ki taɓa sha ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko ɗigo."

Nan fa komai ya dawo wa Salamatu daki-daki: ɗanɗanon da ake kiran wata ta yi, ɗakin ajiya, ƙofar da ke ɗan buɗe. Ashe ba suga ba ne. Ashe ba son aiki kaɗai ba ne. Uwarta ta nemi aikin da zai sa ta kusa da teburin, ya kuma ɓoye cewa ba ta ci daga kansa. Ranar da aka yi wa Salamatu baftisma ta fara shan ƙoƙo, ta tuna ta waiga tana neman Inna, ta hango ta a bakin ƙofar tana hawaye, ita kuwa ta ɗauka murna ce zalla. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a bakin gadon majinyaci ba, cewa matar nan za ta iya mutuwa gobe tana ganin Allah bai yafe mata ba.

Fasto Nuhu ya aje farantin. Ba a haife shi ba lokacin da aka yi wannan horon. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce horo magani ne na ɗan lokaci, ba ɗaurin rai da rai ba. Ya ce ba fasto ke gafarta zunubi ba, balle mutuwar fasto ta kulle ƙofa. Ya ce Almasihu bai jira mutane su gyaru ba kafin ya mutu dominsu, kuma teburin nan an shimfiɗa shi ne don masu laifi, in don tsarkaka ne da shi ma bai isa ya taɓa farantin ba. Ya ce in kiran suna take so, shi da dattijon nan sun karɓe ta yanzu-yanzu, kuma ranar Lahadi zai faɗa a gaban kowa.

Ladidi ta saurare shi da ladabi har ya gama. Wa'azin nan ta sha shi ta ƙofar ɗakin ajiya fiye da yadda shi ya yi shi. Ta ce, "Fasto, duk gaskiya ka faɗa. Na sani yana yafewa. Na ga waɗanda ya yafe ma, na wanke kofunansu. Amma ni ɗiyar mai bishara ce, na san daidai na take ta da gangan. Ubana bai sake tsayawa wa'azi ba har ya mutu. Kullum kafin rabo kukan ce kowa shi binciki kansa, kada shi ci ma kansa hukunci. To ni na bincika. Ban cancanta ba."

Dattijon ya cire tabarau yana share ido. Daga tsakar gida ana jiyo ƙarar kwanukan Hansai.

Salamatu ba ta shirya magana ba, fushi ne da baƙin ciki suka ture ta. Ta zagayo ta durƙusa inda uwarta ba za ta iya kauce wa fuskarta ba. "To ni fa, Inna? Ga laifin naki nan a gabanki, ya girma, ya yi aure, ya haifa miki jikoki. Duk lokacin da kika dube ni abin da kike gani ke nan?"

Tsohuwa ta zabura kamar an taɓa ta da wuta. Hannunta mai lafiya ya cafko wuyan rigar Salamatu. "Kul! Kada ki sake faɗin haka. Ke ba laifi ba ce. Ke kyauta ce. Allah ne ya ba ni ke, da ba ke da ban kai yau ba."

"Yaushe ya ba ki?" Salamatu na kuka sosai yanzu. "Bayan kin cancanta? Kina bencin baya ya ba ki ni, Inna. Ba ki ce a mai da ba. Kika karɓa, kika goya, kika yi ta gode masa. Wanda ya ba ki wannan a ranar da kika fi kowa kunya, shi ne zai hana ki ɗan ƙoƙon nan?"

Ladidi ta zuba wa 'yarta ido, bakinta a buɗe, kamar yau ta fara ganinta. Shekara talatin da ɗoriya tana lissafin abin da ta ɓata, ba ta taɓa tsayawa ta lura cewa tun a ranar farko an riga an miƙo mata hannu, kuma ta riga ta karɓa ba. Sannan ta saki rigar, ta ce da wata murya irin ta yarinya, "Hannuna ba ya ɗagawa."

Fasto ya miƙa wa Salamatu gurasar, ta sa wa uwarta a baki. Ya miƙo kofin, ɗaya daga cikin waɗanda Ladidi ta san kowace tsaga a jikinsu. Salamatu ta tallafi ƙeyarta ta kafa mata shi a leɓe. Kaɗan ya zubo ta gefen da ya shanye, sauran ya wuce. Tsohuwa ta rufe ido, ta ce, "Ashe haka yake."

Ba wanda ya iya ta da waƙa. Da fasto ya fara tattara kaya, sai ga hannun hagun Ladidi ya lallaɓo yana neman kofin, idonta na dube-duben inda daro yake. Salamatu ta riƙe hannun, ta ɗauke kofin ta sa a aljihun rigarta.

"Bari, Inna," ta ce. "Wannan naki ne. Ni zan wanke."