Sunan da Ba a Faɗa a Gidanmu

Ranar da malamar nazare ta aiko a kira iyayen yarona, ubansa yana gonar tumatir a Madachi, ba ya shigowa Rano sai magariba ta kawo jiki. Dole ni na sauke kaskon ƙuli-ƙuli, na goya ƙanwarsa, na zura hijabi na tafi, ina tafe ina mita.

Malamar yarinya ce, ko aure ba na jin ta yi. Tun daga nesa ta tarbe ni da "Sannu da zuwa, Maman wane," ta kama sunan yaron raɗau, ko gargada babu. Sai da na waiga in ga ko wani ya ji.

Ta ce tun da aka kawo shi bai taɓa amsawa ba idan ana kiran suna. Ba ya magana, ba ya waƙa tare da yara, in ta tambaye shi abu sai dai ya nuna da yatsa. Tana zargin ko kunnensa ne. In kuma aka kai ƙarshen zango a haka, ba za ta iya tura shi aji ɗaya ba, sa'anninsa za su wuce su bar shi cikin ƙanana.

Na ce, "Kunnensa lafiya lau, Malama. Daga zaure yake jiyo an buɗe tukunyar nama."

Ta yi dariya ta ce, "To sai ku taimaka mana daga gida. Ki riƙa zama da shi, ki kira sunansa, ki kalle shi, ki ja shi da hira. Ku yi ƙirge tare. In ya yi daidai ki yaba masa."

Na ce, "Ɗan farina ne fa."

Ta ce, "Haba, har yanzu ana wannan?"

Ana yi mana. A Tarai inda na tashi, Innata ba ta taɓa kama sunan babban yayanmu ba, ga shi yau har da furfura a gemunsa. In za ta ba shi abinci, ɗayanmu take cewa, "Kai wa wancan." Babu wanda ya taɓa cewa ba ta sonsa, kowa ya san kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Haka na gani, haka na yi. Da aka yaye yarona, ɗakin Hajiya uwar mijina ya koma, a can yake kwana, a can yake ci. Ni tsakanina da shi bai wuce "kai, zo nan" da "kai, bar nan" ba.

Sunan kuma ba nawa kaɗai ne nauyinsa ba. Sunan marigayi uban mijina aka mayar masa. Mijina ba zai kama sunan ubansa ba, Baba yake ce wa yaron. Hajiya ba za ta kama sunan mijinta ba, ko da yana kabari, "angona" take ce masa tana tsokanarsa. Sauran 'yan gida duk Baba suke cewa. Tun ranar da liman ya raɗa sunan nan, ban ƙara jin an faɗe shi a cikin gidanmu ba. Sai da ubansa ya kai shi makaranta aka nemi sunan yanka, ya karɓi biro ya rubuta musu.

Da daddare na gaya wa mijina yadda muka yi. Ya dawo ƙafarsa duk taɓo, idonsa na lumshewa kan tuwo. Ya ce, "Ke da kika yi sakandare, ai ke ya kamata." Na ce shi ma ai ya yi. Kafin in rufe baki ya fara gyangyaɗi. Hajiya kuwa cewa ta yi, "Ku ƙyale mini miji. Wanda bai yi magana ba yau, gobe zai yi. Ubansa ma sai da ya yi wayo sosai bakinsa ya buɗe." Ina zai yi magana, ai bai da bukata. In ya ɗaga yatsa Hajiya ta miƙo, in ya turo baki ta canza masa.

Sai na nemo dabara irin ta wadda kunya ta ɗaure. Kullum bayan la'asar ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, sai in zaunar da ƙanwarsa a gabana, in ɗaga murya yadda zai jiyo daga ƙofar Hajiya. "Ɗaya. Biyu. Uku. Wannan ja ce, wannan fara." Ita nake kallo, shi nake nufi. Yarinyar da ko yaye ba a gama ba, ta kama cewa "biyu, biyu" tana watsa mini gyaɗa. Shi kuwa yana zaune a cinyar Hajiya yana tsotsar rake, yana kallonmu kamar masu tallan abin da ba ya saye.

Facalata, matar wan mijina, ba ta bar ni na sha ruwa ba. Duk sanda ta gifta sai ta ce, "Malama, a tashi 'yan makaranta haka nan, an kusa kiran salla." Mata su kwashe da dariya. Ni ma in yi yaƙe, amma raina a ɓace yake. Ga bayana yana ciwo saboda matsar mai, ga wanki, ga girki in ranar tawa ce, ga wannan karatun da babu ɗalibi. Na gaji, wallahi na gaji, har na fara cewa a raina to ya maimaita ajin mana, wa ya taɓa mutuwa don ya maimaita nazare.

Abin da ya hana ni saki shi ne wata safiya da na hango su daga zaure za su tafi makaranta. 'Ya'yan maƙwabta suna gaba suna rera waƙar ƙirge, shi yana baya shi kaɗai, jakarsa na dukan ƙwaurinsa. Ɗaya daga cikinsu ya waiwayo ya ce, "Kurma, yi sauri." Bai ji haushi ba, ƙara sauri kawai ya yi. Wato wannan sunan ya san nasa ne.

Da la'asar ɗin ranar, na bar gyaɗar a tsakar gida na shiga ɗakina, na ce, "Kai, zo nan." Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi kamar baƙo. Na saki labule. Ya dube ni ya dubi labulen, sannan a hankali ya ce, "Me na yi?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba. Zauna."

Da haka muka fara. In zuba wake da gyaɗa a faifai ya ware su. In ce ya miƙo mini murfi babba, ya bar ƙarami. In zana layi da gawayi a daɓe ya bi da yatsa. Kallonsa ido cikin ido ya fi matsar mai wuya, sai in riƙa kallon faifai. Yabon ma da ƙyar yake fita, "to, ya yi" kawai nake iya cewa. Amma a hankali bakinsa ya fara buɗewa. Ashe surutu ne fal cikinsa. Ya ba ni labarin akuyar Hajiya, da yaron da ya yi fitsari a aji, da yadda Malama take cin gyaɗa a ɓoye. Hajiya tana ganin shigarmu da fitarmu, gaisuwarta dai ta ɗan yi gajarta.

Da zango ya kusa ƙarewa na koma wurin malamar. Ta ce alhamdu lillahi, yanzu yana ƙirge, yana waƙa. "Amma har yau in na kira suna, shiru. Shugaban makaranta kuma da suna zai kira su ɗaya bayan ɗaya ranar gwaji. In bai tashi ba, ban san me zan ce ba."

Na dawo gida ina jan ƙafa. Na san abin da ya rage, kuma babu wanda zai yi shi in ba ni ba. Na kira shi ɗaki, na saki labule, na leƙa na tabbatar Hajiya tana bayan gida tana alwala. Bakina ya yi nauyi kamar na ƙunshi garin kwaki. Na buɗe na rufe. Sannan na sunkuyar da kai na faɗi sunan, can ƙasa-ƙasa.

Bai ɗago daga faifan ba. Na sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

Ya ce, "Kin san shi? Ɗan ajinmu ne. Ba ya zuwa makaranta. Kullum sai Malama ta yi ta kiransa, ba ya nan."

Na ce, "Kai ne."

Ya yi dariya. "Ni Baba ne."

"Baba ake ce maka. Wannan shi ne sunanka na gaskiya, sunan kakanka ne. In Malama ta faɗa, kai take kira. Sai ka miƙe ka ce na'am."

Kada in ja zance, ranar gwaji ya miƙe ya amsa, ya kuma wuce aji ɗaya tare da sa'anninsa. Ni dai ban ƙara faɗin sunan ba, kuma har gobe ba zan ce Innata ta yi kuskure ba. Amma waccan ranar da na faɗa masa, a ɗakin nan, ya daɗe yana juya ƙwayar wake a hannunsa, yana maimaita sunan a hankali yana gwada shi a bakinsa. Can ya ɗago ya dube ni sosai.

Ya ce, "Umma, ke dama kin sani?"

Na ce na sani.

"To me ya sa ba ki gaya mini ba? Kullum ina jin tausayinsa, ina cewa za a yi masa bulala."