Buba da Sanarwar da Ya Ji Rabi

Shekara ashirin da shida ke nan da muka rufe Buba Ardo, amma har yau in rediyo ta fara kwarmato a hannun wani, shi nake tunawa. Makiyayi ne kuma manomi a wata ruga da ke gindin duwatsun Doguwa. Ni kuwa an turo ni koyarwa a firamaren ƙauyen, ban san kowa ba, shi ya fara aiko mini da ƙwaryar nono. Daga nan muka shaƙu.

Rediyo ce abokiyar kiwonsa, ya yi mata riga ta fata yana ratayawa a kafaɗa. Sai dai a wajenmu duwatsu sun tare mana birni. Muryar mai labarai takan zo ta tafi kamar yana magana daga cikin rijiya, in hadari ya taso kuma sai ƙara kawai. Buba ya ɗaura waya daga eriya zuwa saman ɗorawa, ya shanya batir a rana, duk a banza. Sau uku yana sa ni rubuta wa gidan rediyon wasiƙar ƙorafi. Ko sun karanta ba mu sani ba, domin ko da sun amsa a iska, ba lallai mu ji ba. Talabijin kuwa sau ɗaya muka gani tare a gidan wani ma'aikacin ruwa a Tiga, mutum ɗaya na waje yana juya sandar eriya, hoto na ta yayyafi. Buba ya ce shi gara tasa wahalar.

Abin ya daina zama na dariya a shekarar da mahaifiyarsa, wadda yake kira Dada, ta sami kujerar Makka. Tsohuwa ce, ta daɗe tana wannan buri. Jami'ai suka ce kowa ya koma gida ya saurari rediyo, a nan za a kira maniyyata zuwa sansanin alhazai a Kano. A lokacin muna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Tudun Wada, kuma tsakiyar damina ce.

Kwana tara Buba bai yi nisa da shanu ba. Ran na goma bayan la'asar muna zaune a ƙofar bukkarsa, aka fara sanarwa, daidai lokacin aka yi tsawa. Abin da ya tsira a kunnenmu shi ne "maniyyatan", sai "udu", sai "gobe".

"Malam, Tudu ya ce ko Kudu?" in ji Buba.

Na ce wallahi ban tantance ba. Maƙwabcinsa ya rantse Dawakin Kudu aka kira, mu kwantar da hankalinmu. Muka jira a maimaita, kafin magariba tashar ta ɗauke ɗif. Na ba shi shawara mu bari sai gobe mu sake saurara, kada a wahalar da tsohuwa a kan zato. Buba ya ce, "In na kai ta ba a kira mu ba, gajiya ce kawai. In an kira ban kai ta ba, da wane ido zan dube ta?"

Da gari ya waye muka kama hanya. Rafi ya kawo, ya goya Dada a baya ya ƙetare, ni ina ɗauke da akwatinta a ka. Muka sami motar masara zuwa Tudun Wada, ofis a rufe. Sai a Kwanar Dangora, a teburin mai shayi, muka ji muryar nan tas kamar mutumin na gabanmu: maniyyatan Tudun Wada su hallara kafin azahar. Buba ya ajiye kofinsa bai kurɓa ba. Da muka isa sansani an riga an kira sunan Dada sau biyu. Da ta shige layi, ya zauna a ƙasa dirshan, ya rufe fuska da hularsa ta malfa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Yau ina da waya a aljihu, ana cewa duniya tana cikinta. Amma in zan ga hoton jikokina, sai na je bayan masallacin Juma'a na ɗaga hannu sama, wani abu na ta zagayawa a fuskar wayar har data ta ƙare. Na san da Buba na nan da ya ce in ɗauko biro. Duk da haka ba zan yi butulci ba. Bara 'yarsa Hauwa ta sauke farali, saƙo ya same ta a ɗakinta da rana da sa'a, ba wanda ya ƙetare rafi da ita. Da na ji, sai da na yi ajiyar zuciya.

A waccan shekarar Dada ta dawo lafiya, tsarabar da ta kawo masa sabuwar rediyo ce. Ya kunna a gaban jama'a, ita ma ta kama kwarmato irin na tsohuwar rediyon. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ya wanke akwatin rediyonsa daga zargi.

Shanunsa an raba, rugar ma ta tashi zuwa wani wuri. Abin da ya rage mini daga gare shi hali ne guda: bai taɓa cike gurbin abin da bai ji ba da abin da zai fi masa sauƙi. Na yi shekaru ina koyar da yara, amma wannan a wurin mutumin da bai taɓa zama a aji ba na koya. Allah ya jiƙan Buba, ya haɗa shi da Dada a gida mafi alheri.