Dodon da ya koyi wanke hannu

Wautar da na yi ita ce buɗe jakar ƙanwata ina neman biro. A nan na ci karo da littafin tatsuniyar da makarantarsu ta Unguwar Shanu ta ba ta. Ita aka zaɓa ta ba da labarin ranar raba kyaututtuka, har Umma ta kai leshi ɗinki.

Labarin yarinyar nan ne da ta tsinki tsamiyar dodo. Amma wane irin dodo! A littafin, da ya kama ta sai ya ce ta ba shi haƙuri, ya ba ta sabulu ta wanke hannu, suka zauna shan tsamiya tare. Malamin lafiya ne kawai mai gashi. Ko akuyar maƙwabtanmu ta fi shi kwarjini.

Yadda Umma ke ba da shi ma da ɗan dama: yarinyar ta yi bisimilla, ta ruga, ta bar takalmi ɗaya. Amma na gaske shi ne na kakarmu, mutuniyar Zamfara, wanda dodo ya haɗiye ta, ubanta ya farke cikinsa da wuƙa, ta fito babu kunne ɗaya. Shi na koya wa ƙanwata, har da yadda ake gurnani.

Ranar gwaji ta zage ta yi. Ita ta ce yara biyu ne suka yi kuka, ni dai na fi yarda da cewa rabin ajin ya jiƙa wando. Malamarsu ta karɓe littafin, ta ce a nemo wata.

Ƙanwata ta dawo tana shessheƙa, Umma ta ɗauko muciya. Na ruga ɗakin Kaka neman mai mara mini baya, na tarar tana gyaran zogale.

"Kaka, ki faɗa musu naki ne na asali!"

"Wane na asali, ja'iri? Wancan ai na yara ne. Don kai na sa uban ya zo, da na ga leɓenka na rawa."

"To a na asalin fa?"

"Ba wanda ya zo. Fatarta dodon ya jeme ya yi ganga, ya kai kasuwar garinsu. Uwarta ta fi kowa taka rawa."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. Na ce Allah ya kyauta, na fita a hankali. Ashe shekara goma ni ma kunun jarirai ake ɗura mini ina cika baki.

Washegari Umma ta tasa ƙeyata zuwa wurin malamar. Na durƙusa, na rantse zan koya wa ƙanwata na sabulun, kalma bayan kalma. Ta ce an riga an ba wata 'yar unguwar Abakpa.

Ranar raba kyaututtukan, ƙanwata a benci ta zauna tun farko har aka tashi. Sai bayan hutu ta sake yi mini magana.