Tallan Katifa a Shafin Auta

Malama ta yi ritaya daga koyarwa da jan bironta a jaka, kuma har gobe idan ta ga kuskure a allon shago sai ta tsaya ta ja tsaki. Ita kaɗai take zaune a hawa na biyu, ɗaki da falo da 'yar baranda cike da tukwanen shuka. Shukar ba tata ba ce, ta Auta ce, 'yarta ta ƙarshe, wadda ciwon ƙoda ya ɗauke tana tsaka da ƙuruciya. Malama ba ta iya shuka ba. Ruwa kawai take zubawa, wasu su rayu, wasu su bi mai su.

Auta tana da shafi a intanet inda take rubuta yadda ake renon tumatir da na'ana'a a baranda. Da tana raye, Malama tsokanarta take yi: "Wa zai zauna karanta labarin tukunya?" Bayan rasuwar sai ga ta kullum da safe da tabarau a karan hanci tana buɗe shafin a waya. Yarinyar yadda take magana haka take rubutu, har da ƙorafin cewa Mama ta sake shanya zani a kan barkononta. Malama ta karanta ta yi dariya, ta karanta ta share hawaye. Kewa ce, kuma ba ta ɓoye wa kowa.

Wata safiya ta buɗe, babu komai. Ta sauka ta hau mota zuwa ofishin ɗan ƙaninta da ake kira Injiniya, wani ɗan ɗaki a saman shagon gyaran waya, fanka tana kaɗa zafi daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Gwaggo, sunan shafi haya ake yi, shekara-shekara," in ji shi. "Lokacin sabuntawa ya wuce, sanarwar kuma imel ɗin Auta ta tafi. Wani ma ya riga ya saye."

"Ya sayi sunan 'yata? Ya yi me da shi?"

Injiniya ya sosa ƙeya, don sana'ar da yake ci da ita ke nan. Ya bayyana mata cewa tsohon shafin da wasu shafuka suka daɗe suna turo mutane gare shi yana da daraja a wurin injin bincike. Sai a saye sunan idan ya faɗi, a jingina shi da shafin wani ɗan kasuwa, don hajarsa ta riƙa fitowa a sama idan an yi bincike.

"Wato kayan mamata kuke tsinta," ta ce. Bai musa ba. Ya nemi mai sayen ta kowace hanya, ko amsa bai samu ba. Abin da ya iya shi ne ya lalubo tsofaffin rubuce-rubucen daga ma'ajiyar intanet ya buga mata a takarda. Ta karɓa ta gode, ta sa a durowa. Takarda daban, wurin da Auta ta ajiye da hannunta daban.

Ba ta daina gwada adireshin ba. Rannan kuwa sai ga shafin ya dawo, da hoton baranda da komai. Ta gyara tabarau ta zauna. Tana cikin karatu ta ci karo da wannan: "Mama ta ce in daina ba su ruwa da tsakar rana, katifa mai rahusa, ni kuwa na yi kunnen uwar shegu." Kalmomin nan uku shuɗaye ne, in ka taɓa sai su kai ka shafin wani shagon katifa. Kowane rubutu an cusa masa irinsu.

Ta koma wurin Injiniya ranta a ɓace. Ya ce ai haka ake yi, ana maido da tsohon rubutun ne don injin ya ɗauka shafin yana nan da ransa.

"Amma sata ce, Gwaggo, rubutun ba nasa ba ne. In kin yarda in kai ƙara, za a sauke shi."

"A sauke katifar?"

"A sauke duka."

Malama ta ɗaga kai ta kalli fankar. Can ta ce, "To shi mutumin, me zai sa ya ci gaba da biyan hayar?"

"In dai shafin yana kai masa mutane. Ranar da ya daina, zai yar da shi."

"Kada ka kai ƙarar kowa," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Tun daga nan, kowace safiya idan ta gama karanta Auta, sai ta taɓa shuɗin rubutun, ta shiga shagon, ta ɗan daɗe tana duba katifu kamar mai niyyar saye. Ta sa tsofaffin abokan aikinta su ma suna taɓawa, har suna mata tsiya wai kamasho ake ba ta. Injiniya ya so ya gaya mata taɓawar tsofaffin malamai ba ta kai ta riƙe shafi ba, ya kalli fuskarta ya fasa.

Mutumin da ba ta taɓa gani ba, ba ta san ko sunansa ba, yanzu yana cikin addu'arta bayan kowace salla. Allah ya buɗa masa kasuwa, take cewa, Allah ya sa kada ya gaji.