Ɗaya Na Hukuma, Ɗaya Na Gida

A kan ɗan teburin da ke bakin ƙofar shagon akwai taje, akwai madubi mai tsaga a gefe, akwai kuma wankakken hankici a ninke. Taje da madubi kowa ya san aikinsu a shagon hoto. Hankicin ne sai mutum ya daɗe yana baƙunci a birnin nan kafin ya gane dalilinsa.

Shagon yana daura da ofishin shige da fice, jikin na wani mai gyaran waya. Mai shagon hoton dattijo ne siriri, har girarsa ta yi furfura. Baƙin birnin nan Baba Kalli-Nan suke ce masa, don ba abin da ya fi faɗa a rayuwarsa kamar wannan. Kullum yana riga ma'aikatan ofishin buɗewa. Ya share daɓe, ya goge idon kyamara, ya ja farin labulen bango ya miƙe sumul, sannan ya zauna kan kujerar masu hoto ya gwada ta da nauyinsa, ko ƙafarta ta sake yin sanyi. Kafin shayinsa ya huce, layi ya fara.

Wanda bai taɓa zaman ƙasar wasu ba zai ɗauka hoton fasfo ƙaramin abu ne. Takardar zama tana son hoto. Ɗalibi zai leƙa ƙasar maƙwabta lokacin hutu, hoto. 'Yar kasuwa za ta tsallaka saro kaya, hoto. Ƙasar arewa sai an ga kunne, ta gabas ba ta son tabarau, ta bakin teku kuwa bango mai ruwan toka take so. Fuskokinmu sun zaga iyakoki cikin jaka, amma shi da ya ɗauke su, tun da ya sauka a nan yana saurayi da niyyar ya huta ya wuce gaba, bai sake tsallaka ko'ina ba.

Hoto biyu yake ɗauka, ko ba ka nema ba. Na farko ba murmushi, ba karkata kai. "Wancan na masu hatimi ne," in ji shi. "Wannan kuwa ka aika wa tsohuwarka, kar ta ga na farkon ta ɗauka tsare ka aka yi." Na biyun kyauta ne.

A farkon shekarar nan ya yanke shawarar ajiye aiki. Hannunsa ya fara rawa, 'yarsa da ke aikin jinya a ƙasar bakin teku kuma ta gyara masa ɗaki. Har ya ɗaure jakarsa ya ajiye bayan labule. Ana haka wata mata ta shigo, ido ya kumbura suntum. Mai gyaran waya yana tsaye bakin ƙofa, shi ya ba mu labarin.

Mijinta direban babbar mota ne. Ya yi haɗari bayan ya tsallaka iyakar gabas, yana kwance a asibitin can, bai san wanda ke kansa ba. Ita ba ta daɗe da zuwa birnin ba, ba ta jin yaren garin. Ta ɗauki hoto a injin da ke tasha, ma'aikacin biza ya turo mata abinta, ya ce ido a rufe yake. Ofis na shirin tashi hutun ƙarshen mako, bas ɗin gabas kuma ba ta jiran kowa.

Baba ya miƙa mata hankici, ya zaunar da ita. Da ya ɗaga kyamara sai hawaye ya zubo, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya san tun safe shi ake ta ce mata, kuma shi ke ƙara tsinka ta.

"'Yata, maigidan naki wane irin mutum ne?"

"Mutumin kirki ne, Baba." Sai kuka ya dawo sabo.

"Kash, na ɓata tambaya. Bar kirkinsa. Duk direban da na sani yana da abin haushi. Naki waliyyi ne?"

Ta goge ido da hankicin.

"Ba ya ce miki ga shi nan a hanya, alhali ko mota bai tayar ba?"

Ta ɗago kai. "Wa ya gaya maka?"

"Ina jin ki."

"Sai ya ce in ɗora girki, ya kusa. In gama, abinci ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa. Ashe mutum yana wata ƙasa! Ga safarsa, Baba, a aljihun riga yake cusa ta, sai na zo wanki in ci karo da ita."

"Subhanallahi. A aljihu?"

"A aljihu!"

"Kalli nan."

Haske ya walƙa. Ido a bushe, baki a tsuke, fuskar matar da ke jiran bayani. Irin wadda hukuma ke so ke nan.

Ta yunƙura za ta tashi, ya ce, "Zauna, saura na gida."

"Baba, lokaci fa."

"Kafin wancan ya fito mun gama. In lokacin ziyara ya ƙare aka ce ki fita, me za ki bar masa a gefen gado? Wannan fuskar ta fasfo? Bawan Allah ya farfaɗo ya gan ta, ai sai ya koma suma."

Dariya ta kufce mata, hasken ya sake walƙawa.

Ranar Baba ya ja ƙofar shago ya bar masu layi, ya raka ta tagar biza ya yi mata tafinta, daga nan ya kai ta har bakin bas. Tana hawa ya ce, "Ku dawo tare in ɗauke ku. Ba zan rufe shagon nan ba sai kun zo."

Kowa ya ɗauka maganar kwantar da hankali ce. Wata ya wuce, wani ya bi shi. 'Yarsa ta yi ta kira.

"Baba, ɗakin nan har ya fara ƙura."

"Share shi, uwata. Hoto ɗaya ya rage mini."

Mai gyaran waya kuwa ya samu abin tsokana. "Tsoho, direba fa kake jira. Matarsa ma ta gaya maka halinsa."

"Ai shi ya sa ban ɗora girki ba."

Amma labarin da ke zuwa ba na dariya ba ne. Aka ce an yi wa direban aiki, aka ce ana shawarar yanke ƙafa, daga nan shiru. Rawar hannun Baba ta ƙaru, har sai da ya ɗaura kyamara kan abin dogara mai ƙafa uku. Bai taɓa furta shakka ba. Sai dai duk lokacin da bas ɗin gabas ta shigo gari, yakan fito da tsintsiya ya yi ta sharar ƙofar da ya riga ya share.

Makon jiya suka zo. Ita a gaba, shi a baya yana dogara sanda, ya rame, amma ƙafa biyu ya taka ya shigo. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai safa a aljihu?"

Direban ya juya ya kalli matarsa. "Har nan kika kawo ƙarata?"

"Ba don safar nan ba, da ban samu biza ba," in ji ta. "Zauna kawai."

Aka zaunar da shi, ta tsaya a bayansa ta dafa kafaɗarsa. Baba ya daɗe yana gyara kyamara, fiye da yadda aikin ke bukata. Sannan a hankali ya ce su kalli nan.

Baba, ranar ba mu samu mun gode maka ba, shi ya sa muke yi yanzu a gaban jama'a. Kai ne uban baƙi a garin da kai ma baƙo ne. Kai ne ka gane cewa mai zaman ƙasar wasu fuska biyu gare shi, wadda yake kai wa taga da wadda ake jira a gida, ka kuwa ƙi yarda ta farkon ta cinye ta biyun. Iyayenmu da yawa sun yi barci da daɗi saboda hoton da ka ɗauka muka aika musu, ba tare da sun san ka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannunka hutu, ya sa jikokinka su gaji halinka. Mu kuma da muka rage a nan, duk wanda ya ga sabon zuwa yana juya takarda a bakin taga, ya matsa kusa ya tambaye shi. Ba sai kana da kyamara ba.

Da hoton ya fito, maƙwabta suka cika shagon, kowa na son gani. Mai gyaran waya ya rantse direban ya rufe ido ɗaya, direban ya ce haka idonsa yake tun haihuwa, matar ta ce ƙarya ne. Ana cikin wannan musu Baba ya zaga bayan labule ya ɗauki jakarsa. Ya ajiye makulli kan teburin mai gyaran waya, ya gyara zaman hularsa, ya bi gefen titi ya nufi tasha.